An Kore Ni Don Ni Bahaushe Ne

Ina ɗauke da buhun sukari a bakin jirgi, a Comércio, unguwar kasuwa da ke gindin tudu a nan ƙetaren teku inda aka kawo mu bauta, sai Baturen da ke da sito ya tare ni. Tun da na fanshi kaina nake yi masa dako.

Ya ce, "Daga yau ba ka da aiki a nan."

Na ce, "Maigida, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. An ce Hausawa sun yi tawaye a gonakin rake, kai kuwa Bahaushe ne."

Ban roƙe shi ba. Na kai masa buhunsa ciki, na hau tudu zuwa gida.

Matata tana da tsohon ciki, har yanzu na kasa gaya mata. 'Yan uwa, da ku ne, ta ina za ku fara?