Rigar Kunkuru

Injin saƙar nan da na saya ya kusa koya mini zagi. Zagayayye ne kamar bakin tukunya, allurai sun kewaye shi, ga hannu a gefe da ake murzawa irin na injin taliya. A waya na fara ganinsa, wata mata tana murzawa tana murmushi, kafin ka ce kwabo rigar sanyi ta fito. Ni kuwa a ɗakina a Barnawa, in na murza sai zare ya suɓuce daga allura ɗaya, rami ya zarce har ƙasa, in warware in sake. Ranar da ya ga dama ya yi aiki kuma, abu ɗaya ya iya fitarwa: doguwar saƙa mai rami a tsakiya, faɗinta ɗaya daga sama har ƙasa, kamar ƙafar wando. Da na ɗaga ta ina kallo sai na tuna da Kaka da tatsuniyarta, raina ya ƙara ɓaci.

Kaka mahaifiyar babanmu ce. A gidanmu na Romi ta zauna muna yara, lokacin Baba yana aiki a masaƙa a Kakuri. Da damina, in an gama cin tuwo, sai ta jawo kurfotin gawayi baranda, ta jera masara a kai, mu kewaye ta. Amma tatsuniyar Kaka ba kyauta ba ce. Tsofaffin rigunan sanyi take saya a gwanjo ta warware su, don ta samu ulun saƙa. Wani yaro zai miƙe hannuwa biyu ta naɗa masa zaren, wani yana dunƙulewa. Kullum ni ce mai miƙe hannuwa, wai nawa sun fi tsawo. In na gaji na sauke, nan take labari ya tsaya.

"Rahila, ɗaga. Ba ni na tsayar ba, ke ce."

Kwarashinta da ƙarfen tsohuwar lema aka yi shi, Baba ya lanƙwasa mata bakin. Ba ta taɓa riƙe abin awo ba. In tana saƙa maka riga, a jikinka take yi, ka tsaya ƙiƙam tana jujjuya ka, ƙarfen nan mai sanyi yana taɓa maka fata, ga masararka tana ƙonewa kana kallo. Na tsani tsayuwar nan fiye da wanke-wanke.

"To, ga tawa nan ta iso bakin ƙofa," haka take farawa. Mu kuma mu ce, "Ta shigo ta zauna."

Wai wata shekara sanyi ya addabi dabbobin daji, sai Zomo ya ce shi masaƙi ne, kowa ya kawo auduga zai yi masa riga. Da aka yi layin awo, Zomo ya duba ya ga Akuya da ƙafafu huɗu, Sa da tozo, Bushiya da ƙaya, sai ya ji aikin ya yi masa yawa. Ya kira Maciji, ya auna shi shi kaɗai, ya sallami sauran. Ranar karɓa, kowa aka miƙa masa rigar maciji. Akuya ta huda tata da ƙaho ta fitar da ƙafafu. Sa ya yage tasa a wajen tozo. Kowa dai ya yi dabara ya tafi yana gunaguni. Tsoho Kunkuru ne kawai ya rasa yadda zai yi. In ya rufe gaba, doronsa a waje, in ya ja baya, wuya ya shaƙe. Yaran daji suka yi ta dariya. Shi ke nan ya ja kansa ciki, ya daina zuwa taro.

"Sai kuma me?" na tambaya.

"Zare ya ƙare, tawa ta ƙare. Kowa ya nemi tabarmarsa."

"To wa ya saƙa wa Kunkuru?"

"Babu. Yana nan yana jira."

Haushi ya cika ni. Hannuwana sun yi tsami, masarata ta zama gawayi, kuma ko dukan Zomo ba a yi ba. Na ce wannan ba tatsuniya ba ce, cuta ce. Kaka ta yi dariya har da tari. Ta sha maimaita mana labarin, kullum ina sa ran za ta gyara ƙarshen, ba ta taɓa gyarawa ba.

Yanzu Kaka tana Mahuta wajen Anti Ladi, ƙanwar Baba. Tsufa ya lanƙwasa mata baya sosai, har sai ta karkata kai kafin ta ga fuskarka. Tun da damina ta kankama bana ta daina zuwa coci. Sanyi yana shiga mata ƙashi, kuma duk rigar kasuwa da aka saya mata sai ta ɗage ta baya. Zumuntar matan cocin suka sa ranar Lahadin da za su karrama tsofaffinsu, sunanta ne a gaba, ta ce ba inda za ta a yi mata kallo. Matar da ta yi shekara da shekaru tana kaɗa tulu in ana waƙa a zumunta! Ni da bakina na ce, "Kaka, za ki je. Ina da inji."

Na yi ta fama. Na fitar da gangar jiki da hannuwa a inji, na saƙa wuya da bakin hannu da kwarashi, na hau Keke Napep zuwa Mahuta ina jin kaina. Da kyar muka zura mata ta kai, ni da Anti Ladi. Gaba ya zubo har cinya, baya ya tsaya a tsakiyar doro, wuya ya shaƙe ta.

"Cire mini, kar ki kashe ni kafin Lahadin," in ji ta. Da ta samu numfashi ta dubi rigar ta ce, "Rahila, Maciji kika auna?"

Anti Ladi ta fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na koma gida na sake wata da ulu mai kauri, na sassauta zaren don ta yi faɗi. Inji ya yi ta cije zaren yana ƙara, na warware har na daina lissafi, na yi kuka na gaske a kan injin robar nan. Ita ma wannan da na kai, ta ɗage ta baya, sai dai ta fi ta farko girma.

Ranar Asabar na zauna a ɗakinta na ce na haƙura, a yafa mata zane kawai. Ta ɗauki rigar tana shafawa da yatsun da ba sa iya riƙe kwarashi yanzu.

"Injin naki ya iya hannun riga," ta ce. "Hannu ai maciji ne, bar su. Warware sauran, ki zo ki yi a jikina."

Ta juya mini baya a kan kujera 'yar tsugunno, Anti Ladi ta kawo kurfoti kusa. Na fara daga kafaɗa, ina saƙawa ina ɗorawa. Ba ta bar ni na huta ba. "Ƙara a nan. A'a, kin matse. Wa ya koya miki riƙe zare haka?" Na cije leɓe na ci gaba. Wajen doron sai da na yi ta ƙara layi ina komowa, gaba kuwa 'yan kaɗan suka isa. Yatsuna suna bin ƙashin bayanta ɗaya bayan ɗaya, duk sun fito, ba nama. A bayan nan aka goye ni, aka goye babana. Sai na daina jin haushin faɗanta.

Ina yarinya na ɗauka labarin ragwancin Zomo ne. Yanzu ina ganin ba ragwanci kaɗai ba ne. Auna Kunkuru yana bukatar ka tsaya ka sa hannu a doronsa, ka yarda cewa haka ya zama. Duk zuwan da nake yi Mahuta, fuskar Kaka nake kallo, ban taɓa yarda na dubi bayanta da kyau ba. Inji ya ba ni hanyar yi mata riga daga nesa, ni kuma na kama da hannu biyu.

Rigar ba ta yi kyau ba. A rataye, kamar an yi wa buhu hannuwa. A jikinta kuwa ta zauna daram. Da safiyar Lahadi, muna taimaka mata ta hau Keke Napep, ana yayyafi, na sunkuya na ce, "Kaka, Kunkuru dai ya samu riga."

Ta karkata kai ta dube ni.

"Ya samu," ta ce. "Amma ya daɗe yana jira."