Kwalekwalen Yaya

Duk sanda na ji warin kwalta mai zafi, gidanmu na Kazaure nake tunawa, da shekarar da Yaya ya cika tsakar gida da katakai. Yana ajin ƙarshe a makarantar koyon fasaha, aka ce kowa ya ƙera abin da zai nuna. Shi kwalekwale ya zaɓa, wanda iska ce za ta tura shi. Ya ɗinke buhunan taki ya ɗaura a jikin doguwar gora, ya toshe tsagun katakon da kwalta. Har ɗan benci ya kafa a gaba, ya ce nawa ne.

Kaka ba ta taɓa kallon abin nan ba. In za ta wuce sai ta kewaye, ta bi jikin bango. Ƙaninta ruwa ne ya ci shi tun suna yara.

Ranar gwaji, ƙarshen damina ce, dam ɗin garinmu ya cika ya batse. Ruwan ya yi lamo, ko tsuntsu babu a kansa, gabas kuwa ta fara duhu. Ban yi zaton Kaka za ta biyo mu ba, sai ga ta da sandarta. Na ɗaga ƙafa zan shiga ke nan ta damƙe wuyan hannuna.

"Kaka, kusa za mu tsaya," in ji Yaya.

"Kai ka girma, ba ni da iko. Wannan tawa ce."

Na yi kuka har da birgima. Abokin Yaya, ɗan Roni mai yawan dariya, ya ce kada in damu, zai ɗana mini bencin. Ya shiga ya zauna a kan bencin nawa.

Iskar ta taso gaba ɗaya. Muna gani buhunan suka kumbura, kwalekwalen ya nausa tsakiya yana ƙanƙancewa, sannan farin buhunan ya kwanta a kan ruwa. Masunta suka tsamo Yaya da rai. Abokinsa sai washegari aka tsamo gawarsa.

Yanzu ɗalibai na zuwa dam ɗin da rigunan ceto masu launi, suna ɗaukar hoto. Yaya kafinta ne, ƙofofi da gadaje yake yi, ya yi furfura. In mun zo wucewa ta bakin ruwan a mota, sai ya yi shiru a tsakiyar magana, ba ya ci gaba sai mun shiga gari.