Wuƙar Albasa da Littattafan Mamman

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Injiniya Mamman, kuma bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne.

A Maraɗi Mamman ya tashi, can ya sha Faransanci. Da ya zauna a unguwar Old Trafford ta ƙasar Ingila sai ya kamu da tara tsofaffin littattafan wasan kwaikwayon Faransawa, na zamanin da ko kakana ba a haifa ba. Ni kuwa da na ajiye boko a aji huɗu, in na zo daga unguwarmu Balsall Heath sai in ce, "Injiniya, da furfurarka kake tara wasa? An ma cuce ka, shafukan a manne suke!" Dariya kawai yake yi.

Da ya rasu, matarsa Hajiya Binta ta damƙa mini littattafan amana, in kai inda za a karanta. Na ɗauki wuƙar yankan albasa na farke shafukan kaf, don kada Turawa su ce mun kawo kaya mai aibi. Da na kai su wani ƙaramin laburare, ma'aikaciyar wurin ta gani ta dafe kai. Ashe haka aka buga su, mannewar nan ita ce darajarsu. Rashin sani ya fi dare duhu. Duk da haka ta karɓa.

Ba a yi wata shida ba aka garƙame wurin. Wai tsuke bakin aljihu, wai cuts. Aljihun wa? Littattafan da suka tsallake yaƙin duniya biyu aka kwashe a motar shara kamar ɓawon ayaba! Yau ginin gym ne. Da Mamman zai leƙo ya ga ƙarti suna tsere a kan inji ba sa zuwa ko'ina, ai cewa zai yi ga wasan kwaikwayon gaske. Turawan nan ne kuma masu koya mana wayewa.

Abin da ya rage nasa littafi ɗaya ne tak, wanda Hajiya ta ɓoye, har yau a manne. Kwanan baya na je na zazzage mata duk fushina a kan 'yan council, hukumar garin da ta rufe laburaren, sannan na ce ta ba ni shi in adana.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam Audu, council ba ta taɓa cin tuwon gidan nan ba. Kai ka ci, kuma wuƙarka ta riga motarsu."