Igiyar Auta

Har yau idan na wuce kwatar da ruwa ya kwanta a cikinta, jakar ƙanena nake tunawa. A shekararmu ta biyu a Alƙahira ne, muna hawa na biyu a wani tsohon gini a unguwar Abbasiyya, ni da maigidana da ke karatun digirinsa na uku, sai ƙanena, autan ɗakinmu, wanda ya zo karatun ilimin duwatsu. Ranar da zai taho Innarmu ta kira ni a waya ta ce, "Ga amana nan na turo miki." Na amsa da murna, don ni na goye shi yana jariri.

Auta ba ya shan taba, ba ya yawon banza, salla ba ta wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne, duwatsu. Duk hutun da ya samu sai ya ɗaure jaka a baya ya hau mota zuwa kudancin Sina'i, inda duwatsu suka tsattsage suka zama kwazazzabai masu zurfi. Wani makiyayi da ya saba da shi ne ke raka shi bakin kwazazzabo ta sama, ya juya. Daga nan shi kaɗai ne. Ya ɗaura igiya a jikin dutse, ya zuro kansa ƙasa, ya janyo igiyar ta faɗo, ya yi gaba zuwa gangara ta gaba. Da bakinsa ya yi mini bayani, yana murmushi, wai da zarar ka janye igiyar farko babu komawa sama, sai dai ka ɓulla ta ƙasa bayan kwana uku.

Na ce, "To idan igiyar ta tsinke fa?"

"Ba ta tsinkewa, Yaya. Wannan igiyar ko mota za ta ɗaga. Kin ga 'yar siririyar nan da nake janyo ta da ita? Ko ita za ta riƙe ki ke da Malam."

"Allah ya shirye ka."

"Amin. Akwai sauran tuwo?"

Tsoron tafiyarsa daban, amma dawowarsa ce ta fi tayar mini da zuciya. Tun yana matakala nake sanin ya iso. Warin yakan riga sallamarsa shigowa. Gumin kwana huɗu, hayaƙi, man kifin gwangwani da ya zube a jaka, safa da ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. A ƙarƙashin duk wannan akwai wani wari da na kasa ganewa, mai nauyi, mai zama a maƙogwaro. Da na matsa masa sai ya ce ai a ƙasan kwazazzaban akwai ramukan da ruwan sama ke taruwa ya shekara bai ga rana ba, kuma babu hanyar kewayewa, dole ka shiga.

"A na wannan karon har da akuya," in ji shi, yana tauna. "Ta faɗo daga sama, ta kumbura. Da sanda na ture ta na wuce."

Cokalin da ke hannuna na ajiye. Ban sake cin nama ba sai bayan mako guda.

Wannan ma bai kai abin da na tarar a aljihun gefen jakar ba. Na zura hannu ina neman safarsa in haɗa da wanki, sai na ji leda a ƙulle, mai laushi. Ban san me ya sa na kwance ta ba. Da ƙyar na kai banɗaki. Da ya dawo daga makaranta na tare shi a bakin ƙofa, idona jajur.

"Kai, mahaukaci ne kai? Kashi a jaka? A gidan da muke salla?"

Ya dafe kai. "Subhanallahi, na manta da guda. Ma'alish, yi haƙuri, Yaya. Ƙa'ida ce. Wurin matsattse ne, babu ƙasar da za ka tona ka binne, kuma makiyaya na shayar da dabbobinsu a ruwan da ke fita ta ƙasa. Abin da ka shiga da shi kai za ka fito da shi."

"Ka tausaya wa awakin Larabawa, ni ka kawo mini ɗaki?"

Maigidana na falo yana danne dariya a bayan littafi. Shi a wurinsa hukuncin mai sauƙi ne, a zuba ruwa, najasa ta gushe, shi ke nan. Ni kuwa zuciyata ba ta san wannan sauƙin ba. Na wanke jakar sau uku, na wanke hannuna har fatar ta yi fari, na goge ƙofa da duk inda nake zaton ya dafa.

Sai igiyar. Doguwa ce, fara mai ɗigon ja, ko in ce da can fara ce. Ita ya ja a cikin ruwan akuyar. Komai nasa ya yarda in wanke, ban da ita. "Ruwan sanyi kawai, Yaya, kuma a inuwa take bushewa. Ni zan yi." Ya ɗauraye ta a baho sau ɗaya, ya rataye ta a lungun da ke tsakanin ɗakina da kicin, tana ɗiga. A lungun nan nake shimfiɗa dardumata saboda nan ne ya fi sanyi. Ina kai goshina ƙasa sai in ji akuyar. Na yi turaren wuta, warin ya haɗu da turaren ya zama wani abu na uku da ya fi muni. Kwana biyar ina sallame salla ba tare da na san me na karanta ba.

Ranar Alhamis ya tafi Iskandariyya da 'yan ajinsu. Yana fita na sauke igiyar da sandar tsintsiya, ita da siririyar, na jefa su a babban baho. Na ɗauko bilic, wanda a can suke kira kulor, na juye kwalba biyu cur, na ɗan ƙara ruwa, na danne da murfin tukunya. Ruwan da ya fara fita baƙi ne, har da wasu 'yan gasu da nake da yaƙinin na akuyar ne. Ganin haka na ƙara kwalba ta uku. Sai ranar Asabar na tsame. Na ɗauraye har sau bakwai, na shanya a inuwa kamar yadda yake so, na turara. Ta fito fes. A ranar na yi sallar da na daɗe ban yi irinta ba.

Da ya dawo ya ɗaga ta ya shinshina. "Kin wanke?"

"Na ɗauraye da ruwa."

Ba ƙarya na yi ba, haka na gaya wa kaina. Na ɗauraye da ruwa mana, har sau bakwai. Ya ce an gode, ya naɗe ta ya sa a jaka. Wani guntun siririyar da ya yanke a baya ya ajiye, wanda shi ma ya kwana biyu a bahon, na ɗauke shi don ina da amfaninsa.

A Alƙahira mace ba ta sauka ƙasa don sayen tumatir. Kowace baranda da kwandonta mai igiya. Mai kayan miya ya tsaya da kurarsa ya yi kira, ki zuro kwando, ya zuba miki, ki janye. Igiyar kwandona ta gaji a wajen bakin, sai na yanke wurin na ƙulla guntun na Auta. Ai shi ya ce zai riƙe ni da Malam.

Bayan mako biyu ya sake shirin tafiya. Da hantsi ya goya jakarsa, ya durƙusa ya gaishe ni, na yi masa addu'a ina toshe hanci saboda takalman. Bai fi rabin sa'a da fita ba mai kayan miya ya zo. Na zura kwando, ya sa dankali da albasa da ƙaramar kankana. Na ja, na ja, kwandon ya kusa baranda, sai na ji hannuna ya yi sakayau. Kankanar ta tarwatse a gaban shagon mai guga. Mai kayan miya ya ɗaga hannuwa sama yana ta surutu, yara suna bin dankali a ƙarƙashin motoci.

Ni ban ko leƙa ba. Bakin igiyar nake kallo. Ba ƙullina ne ya kwance ba, ba kuma tsohuwar igiyata ba ce. Guntun na Auta ne ya rabu biyu a tsakiya. Na murza shi da yatsa, zaren ya marmashe kamar busasshen ganye, ya bar mini gari a hannu.

Na kira wayarsa, a kashe. Haka yake yi da zarar ya fita, don ya san zan yi ta kira ina roƙonsa ya fasa. Maigidana na aji. Na zura hijabi a kan kayan aikin gida, na fita da silifas ɗin banɗaki, guntun igiyar a damƙe a hannuna. Tashar motocin Sina'i ba ta da nisa da mu, amma ranar titi ya cushe, tasi ba ta motsi. Na sauka na ƙarasa da ƙafa, ina ratsa motoci, direbobi na danna mini ham. Ban da "Ya Hayyu ya Ƙayyum" babu abin da bakina ke iya faɗa.

Na same shi zaune a kan jakarsa a gefen mota, yana cin gurasa da wake, ana ta loda kaya. Ya gan ni ya miƙe.

"Yaya? Lafiya? Inna ce?"

Na buɗe tafin hannuna. Ya kalli guntun, ya kalle ni.

"Ba ruwa kaɗai ba ne," na ce. "Bilic na sa. Kwalba uku. Kwana biyu."

Ya durƙusa ya zazzage jakar a ƙasa a gaban mutane, ya zaro igiyar, ya fiddo wuƙa ya yanka ta. Rigar waje lafiya lau, fara tas, har tana ƙamshin turarena. Ya tsage ta ya zaro zaren ciki. Ya yi rawaya. Ya naɗa sili ɗaya a yatsunsa ya ja, ya tsinke ba ko ƙara.

"Gangarar farko ta fi gininmu tsayi sau uku," ya ce a hankali, kamar da igiyar yake magana.

Yaron mota yana ta "Yalla, yalla!" Auta ya ɗaga masa hannu ya ce khalas, su tafi. Sai a lokacin ya juyo.

"Na tambaye ki, Yaya."

"Ka tambaye ni."

"Kika ce ruwa."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsuguna a ƙasan tashar nan, cikin guntayen sigari da tofin mutane da man mota, wurin da a da ko gefen hijabina ba zan bari ya taɓa ba, na yi kuka har da majina. Duk ƙazantar da na yi wata da watanni ina yi wa ƙyama, babu wadda ta kai kalmomin nan huɗu da na gaya masa a lungun kicin. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya miƙo mini ragowar gurasarsa da hannun da ban san me ya taɓa ba. Na karɓa na ci.

A hanyar gida ya yanka igiyar gunduwa-gunduwa kafin ya zuba a shara, wai kada wani ya tsinta ya amince da ita. Kwana uku bai yi mini magana ba in ban da gaisuwa. Ni na kira Inna da kaina na gaya mata abin da na yi da amanarta. Ta ce in ba shi wayar, ta wanke mu tas mu biyun.

Na so a ce abin ya sa ya daina, amma bai daina ba. Kafin sanyi ya shigo ya sayo sabuwar igiya, shuɗiya. Ni kuma na je kasuwar Ataba na sayo babbar robar ruwa mai murfi na kafa ta a baranda, na ce duk abin da ya je dutse nan ne gidansa, kuma shi zai zazzage aljihunan jakarsa a waje kafin ya hau matakala. Igiyar ce kawai ba ta shiga robar, don zafin rana na ɓata ta. A lungun nan dai take bushewa.

Tafiyarsa ta farko da ita ya dawo da ita baƙa ƙirin, da wani kore-kore a jiki. Ban tambayi me ya mutu a ruwan ba. Ya ɗauraye ta sau ɗaya ya rataye, tana ɗiga, tana wari. Na naɗe dardumata na koma ɗaki da ita, na ja ƙofa. Duk sanda zan shiga kicin sai in ja mayafi in rufe hanci, in raɓa ta gefe, ina ƙyamarta har cikin raina. Ban taɓa ta ba har ta bushe.