Karen da Clarrie Ya Zarga

Shekara arba'in muna raba shinge da Clarrie Voigt a nan yankin Wimmera, ban taɓa ganin ya karɓi kyauta bai juya ta ya duba ƙasanta ba. In ka yaba alkamarsa, sai ya tambaye ka me kake nema. Masu askin tumaki in sun zo masa, a kansu yake tsayuwa har su gama. Ko mai hasashen yanayi na rediyo bai tsira ba, wai da gangan yake alkawarin ruwa don mutane su yi shuka su yi asara.

Abu biyu kaɗai ya yarda da su a duniya: matarsa Noelene da karnukanta. Ita ta raini zuri'arsu tun daga wata karya da ta zo da ita gidan aure. Da ta rasu, saura guda ɗaya a cikinsu, wani jan kare mai suna Tully, wanda da fito ɗaya yake tattaro tumaki ɗari biyar. Clarrie ya hana kowa haɗa karyarsa da shi. Kullum cewa yake bai ga wadda ta dace ba tukuna, sai baɗi.

A gasar karnukan kiwo ta garinmu, shekara huɗu a jere Tully ne na ɗaya, karyata Peg ta biyu. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Wata shekara, da ciyawa ta fara bushewa, sai Tully ya canja. Ya yaga cinyar tunkiya. Bayan kwana biyu wani mai aski ya shafa masa kai, ya kafa masa haƙori a hannu. Kowa a nan ya san hukuncin karen da ya soma cizon tumaki: harsashi.

Clarrie ya same ni a bakin shinge.

"Kai Des, me ka jefo wa karen nan?"

"Ji mutum! Ni ina ruwana da karenka?"

"Ruwa ba ya tsami banza. Kare lafiya lau, rana ɗaya ya haukace?"

"To tunda ka tambaya, ƙarfi ne ya yi masa yawa. Ka kai a fiɗiye shi, zai yi sanyi. Da ka harbe shi ai gara haka."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "A fiɗiye shi, ko? Zuri'ar Noelene ta ƙare, kai kuma Peg ɗinka ta samu fili. Sannu da dabara, maƙwabci."

Ya juya ya tafi. Amma kafin mako ya zagayo, ya kama wuyan Tully zai ɗaure shi, karen ya cije shi shi ma. A ranar ne Clarrie ya zargi abin da bai taɓa zargi ba. Ya zo gidana da hannu a naɗe, ya ce jinin zuri'ar karen ne ya lalace, in fito da mota mu kai a fiɗiye shi.

Likitar dabbobin garinmu, Anthea, ba ta so ba. Tully na sanye da takunkumi yana gurnani, ba ya ko taɓuwa.

"Baba, fiɗiya takan rage yawo da faɗa a kan mace," in ji ta. "Amma karen da ya juye cikin mako biyu, ba nan matsalar take ba. Bari in yi masa allurar barci in duba shi tukuna."

"Na san halinku. A kawo muku abu ɗaya, ku nemo goma. Yarinya, yi abin da ya kawo ni kawai."

Ta dube ni, ko zan taya ta. Na ce, "Likita, karensa ne, yi masa yadda ya ce."

Clarrie ya bi ta har ciki, ya tsaya a kanta kamar yadda yake tsaya wa masu aski, don kada ta taɓa wani wuri. Ta yanka, ta ɗinke. Sai da ta juya karen za ta kwantar da shi, wani wari ya taso daga kunnensa na hagu. Wannan karon ba ta nemi izini ba. Ta zura ɗan ƙarfe ta zaro ƙwayar ciyawa mai tsini, irin wadda ke shiga ba ta fita, duk ta jiƙe da mugunya. Tsawonta bai kai farce ba.

Clarrie ya karɓi ƙwayar ciyawar, muka dawo gida.

Tully ya warke. Bai sake cizon ko kaza ba, da aka zo gasa kuma ya sake kayar da Peg. 'Yan kwikwiyo dai babu su, kuma ba za a yi ba. Tausayin Clarrie yana kama ni in na ga yana shafa kunnen karen yana kiran sunan Noelene a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne, mutumin da ke zargin rediyo bai sake zargina ba ko sau ɗaya. Ya dai saka ƙwayar ciyawar a cikin 'yar kwalba. In na je shan shayi, sai ya ajiye ta a tsakaninmu kusa da sukari, mu yi hirar farashin ulu.

Ban san abin da ya sani ba. Ni dai na san cewa a makon da Tully ya yaga tunkiyar nan, sau biyu na gan shi a bakin shinge yana karkatar da kai yana kaɗa kunnen hagu. Shekara hamsin ina kiwon karnuka. Na san ma'anar wannan tun ina yaro.