Wutsiyar Da Na Sayo A Kasuwar Wuse

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai mahaifina, Malam Haruna Sarkin Baka, makwancinsa a Kurudu da ke gefen Abuja. Waɗanda suke kallon talabijin a Abuja farkon dawowar mulkin farar hula za su tuna da shi, dattijon nan mai rigar maharba da yake gabatar da shirin Sawun Dawa kowace Asabar. Duk shekara in wannan lokaci ya zagayo nakan zauna in rubuta wani abu a kansa, in karanta, in yage. Bana ba zan yage ba. Akwai laifin da ya shiga kabari da shi a wuyansa, kuma laifin nawa ne.

Baba ya yi shekara arba'in yana farautar manyan namun daji kafin ya taɓa tsayawa gaban kyamara. Ni na kawo shi Abuja. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfanin shirye-shiryen talabijin, gari kuwa ya cika da kuɗin mai, ko'ina gini ake yi, kowane kamfani yana neman shirin da zai liƙa wa sunansa. Ni da nake ɓoye sana'ar ubana a makaranta ina cewa manomi ne, sai ga shi na gano cewa maharbi ma abin nunawa ne in an iya tallarsa. Na ɗauko shi daga ƙauye, na kama masa gida a Kurudu, domin ya ce ba zai zauna inda ba zai ga gona ba in ya buɗe ƙofa.

Shirin ya karɓu fiye da yadda muka zata. Baba bai iya kallon kyamara ba, “mai ido ɗaya” yake ce mata, amma in ya tsuguna kan sawun dabba sai ya manta da ita. Ya nuna wa mutanen birni yadda ake bambance sawun gwanki namiji da na mace, da yadda maharbi ke watsa toka sama don ya san inda iska ta nufa. In muka shiga kasuwar Wuse sai 'yan tireda su taso suna “Oga Sarkin Baka!”, direbobin tasi su yi ta danna masa ham. Shi kuwa kunya duk ta ishe shi, ya riƙa jan hannuna mu fita.

Akwai ƙa'ida ɗaya da kusan kowane mako sai ya faɗe ta a shirin. Dabbar da ka yi wa rauni, ba ka komawa gida sai ka ƙarasa ta, musamman ɓauna, domin ɓaunar da ke ɗauke da harsashi duk mutumin da ta gani shi ne ya harbe ta. In kuma wasu ne suka ƙarasa maka ita, nama nasu ne, amma dole su aiko maka da wutsiya. Wutsiyar ita ce shaidar cewa daji ya lafa, mata za su iya zuwa rafi.

A shekara ta huɗu ta shirin muka je wani daji can Taraba ɗaukar farautar ɓauna. Kwana biyar muna yawo kafin Baba ya kai mu kusa da wata ƙatuwa da ta ware daga garke. Ya durƙusa, ya saita bindiga bayan kafaɗarta. A daidai nan mai ɗaukar hoto ya yi mini alamar batirinsa ya mutu, ni kuma na raɗa wa Baba, “Dakata, Baba, kyamara ba ta shirya ba.” Ya dakata. Kafin a canja batir iska ta juya, ɓauna ta ji warinmu ta zabura, harsashin ya same ta a cinya. Ta shige duhuwa tana zubar da jini.

Kwana biyu muna bin jinin. A rana ta uku gwiwar Baba ta kumbura, zazzaɓi ya kama shi, amma ya ce ko da rarrafe sai ya bi ta. Ni kuwa lissafin Asabar nake yi, ba mu da wani kaset a ajiye, kuma ogan kamfani ya ja mini kunne cewa kada a sake a maimaita tsohon shiri. Na shiga ƙauyen da muka sauka, na sha ruwa, na zaga, ban ce wa kowa komai ba. Na dawo na ce wa Baba maharban garin sun tsince ta a mace bakin rafi, har sun raba nama.

“Alhamdu lillahi. Ina wutsiyar?” in ji shi.

Na ce za su aiko da ita ta hannun direba. Ya yarda, domin bai taɓa tunanin ɗan da ya haifa zai yi masa ƙarya kan ɓauna mai rauni ba. Muka kamo hanyar Abuja yana kwance a bayan mota.

Kullum sai ya tambayi wutsiyar. Da abin ya ishe ni, na je wurin mahauta a kasuwar Wuse na zaɓi wutsiyar wani baƙin bijimi, na shanya ta kwana biyu a bayan ofis, na naɗe ta a jarida na kai masa Kurudu. Har yau ina mamakin wautata. Mutumin da ke gane dabba daga kashinta, shi na kai wa wutsiyar bijimi. Yana zaune kan tabarma a tsakar gida, ya warware jaridar, ya shafa gashin sau ɗaya, ya kai hanci.

“Sani,” ya ce, “wannan dusa ta ci ta girma.”

Ya mayar da ita cikin jaridar. Ya miƙe da gwiwarsa mai ciwo, ya ɗauki bindiga da burgaminsa, jakar fatarsa ta farauta, ya nufi tasha. Ban bi shi ba. Na koma ofis na ci gaba da aiki.

Ya isa ƙauyen kwana ɗaya bayan ɓaunar ta kashe wani manomi mai suna Ayuba a hanyar gonarsa. Baba ya bi ta shi kaɗai ya ƙarasa ta. Ya dawo Abuja ya ce in kunna masa mai ido ɗaya, kuma ranar ce kawai na ga ya dube ta kai tsaye. Ya ce shi Haruna ya harbi ɓauna ya bar ta da rauni ya tafi gida, ta kashe mutum, don haka daga yau ya ajiye bindiga ya ajiye shirin. Bai ambaci kyamara ba, bai ambaci wutsiya ba, bai ambace ni ba. Ni na tace wannan kaset ɗin da hannuna, na kai aka watsa.

Maharba ba su yafe masa ba. Al'adarsu ce in babban maharbi ya rasu su taru su busa ƙaho, su harba bindiga sama, su yi masa kirari. Da Baba ya rasu bayan wasu shekaru, maƙwabta sun zo, 'yan kasuwa sun zo, amma ko maharbi ɗaya bai taka Kurudu ba. Ina tsaye ina karɓar gaisuwa, na san dalili, na yi shiru. A cikin jinyarsa na taɓa ƙoƙarin buɗe zancen, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, “Ni na riƙe bindigar. Ka ce in dakata, na dakata. Wannan rabona ne. Naka kuwa ka san inda yake.”

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gonakin da ya zaɓi Kurudu dominsu duk sun zama gidaje. Dazuzzukan da ya yi yawo cikinsu ba ɓauna ake tsoro a can yanzu ba, mutane ake tsoro. Na haɗu da wasu tsofaffin maharba cikin 'yan gudun hijira a sansanin Kuchigoro nan Abuja, mutanen da suka san daji kamar tsakar gidansu, suna zaune suna jiran a kawo tallafi. Ina jin wannan zai fi komai ɓata masa rai. Amma abin da ya hana ni sakat bana shi ne, wani ya tono wancan kaset na ƙarshe ya saka a waya, yana ta yawo, yaran da ba su taɓa ganin ɓauna ba suna rubuta masa “matsoraci” a ƙasa. Makon jiya 'yata Hauwa ta kawo mini wayarta ta ce, “Baba, da gaske Kaka guduwa ya yi?” Na ce mata ina da aiki.

To, Hauwa, ga amsarki, kuma ga amsar duk maharbin da wannan jarida za ta isa gare shi ko a karanta masa. Kakanki bai gudu ba. Da zazzaɓi da kumburarriyar gwiwa ya so bin ɓaunar nan, ni na ce masa ta mutu. Ayuba ya rasa ransa ne saboda ina so shiri ya fita ranar Asabar. Kunyar wannan abu ta fi ƙarfin bakina shekara da shekaru, na bar tsoho ya ɗauke ta ni ina ta samun ƙarin girma a wurin aiki.

Baba bai bar dukiya ba, kaset ɗin shirin ma yawancinsu sun lalace. Abin da ya rage nasa shi ne ƙa'idar nan, cewa abin da ka raunata sai ka koma ka same shi. Bayan rasuwarsa mun buɗe burgaminsa, muka tarar da ƙullin toka, da wuƙa, da wutsiyar nan a naɗe cikin jaridarta. Mahaifiyata ta ɗauka ta ɓaunarsa ta ƙarshe ce, ta ba ni ta ce in adana. Na adana.

Na bincika, matar Ayuba tana nan da rai a ƙauyen, 'ya'yansa sun girma, kuma tsofaffin maharban garin ba su ƙare ba. Ranar Juma'a zan kama hanyar Taraba da wutsiyar a jakata. Ban san ko za su saurare ni ba, ban kuma san ko za a taɓa busa wa Baba ƙaho a Kurudu ba. Amma in na warware jaridar a gabansu suka tambaye ni ta mece ce, zan ce ta bijimi ce, a Wuse na sayo ta, kuma ni na kai wa Baba.