Malam Zayyanu, Mai Sassaƙa Waƙa a Katako

Da an sallame sallar asuba, Malam Zayyanu kan zauna a zaurensa da ke Goronyo, ya karanta baiti biyu ko uku cikin tsofaffin waƙoƙin ajami da ya gada wajen mahaifinsa. Sai ya yi ta juya baitin har ya zama hoto a zuciyarsa, sannan ya jawo katako da 'yar wuƙarsa. Ya sassaƙa, ya shafa tawada, ya kifa takarda, ya murza bayanta da cokali. In ya ɗaga, ga rijiya, ga ayarin raƙuma, ga fadamar albasa kamar ka sa hannu ka cira. Shekara talatin da takwas yana wannan aiki, yana kuma koyar da zane a makaranta. Bana hannu ya fara rawa, ya ajiye wuƙa ba tare da ƙorafi ba.

Mutanen ƙauyen Kagara har yau suna ba da labarinsa da Inna Mairama, wata tsohuwar Bafillatana da ta daina gani. Ita kaɗai ta rage da ke riƙe da waƙar da mahaifinta ya yi wa saniyar da ta ja garkensu suka haye gulbi, shekarar da ruwa ya ci rugarsu. Jikokinta ba wanda ya damu ya koya. Malam ya je rugar sau huɗu ya rubuta waƙar, ya yi mako uku yana sassaƙa hoton saniyar. Da ya gama, katakon ya kai mata, tunda takarda ba ta da amfani gare ta.

Ta bi shi da yatsu a hankali, ta ce, "Malam, wagga saniyar wa ta?"

"Taku ta, Inna. Mi kij ji?"

"Tamu ƙahonta guda karyayye na, wurin hayin gulbi yak karye. Ka gyara ta har ta koma ta wasu."

Ƙahon nan kwana uku ya ci masa, nan ne ma aikin ya fi kyau. Bai yi musu ba. Nan take ya zaro wuƙa ya sare rabinsa, ya mayar mata. Ta shafa, ta kira sunan saniyar, ta ɗauki waƙa daga farko. Kafin ta kai ƙarshe matan rugar sun bar daka sun kewaye ta. Inna ta rasu bara, amma jikarta Bara'atu na rera waƙar ba gargada, hoton da baitocin na manne a ɗakinta.

Malam, kai ne ka yarda tsohuwa makauniya ta gyara maka zane, ka kuma yi mata godiya. Zaki mai aiki shiru! Mun gode, Allah Ya sa ka huta lafiya.

Mu kuma da muka iya riƙe alƙalami ko wuƙa, kowane gida akwai tsohuwar da ke riƙe da abin da ba a rubuta ba. A je a zauna gabanta tun tana iya cewa an yi kuskure.